Wutar Ko-ta-kwana

Ƙarfe uku na dare wayata ta yi kuka.
Ruwan Agusta ya kwana biyu a Ngaundere,
bai ce ga ranar tafiya ba.
Dudu ce, 'yar Malam Garga na unguwar Tongo:
"Injin yana ta gurnani,
amma iskarsa kamar ta bakin randa.
Baba na karkarwa, daga falo nake jin haƙoransa."

Na ɗaure akwati a bayan babur,
filaya, sukudireba, mitar gwaji mai tsagaggen gilashi.
Jan taɓo ya raka ni har ƙofar gida.

Na san injin, ni na kafa shi
shekara huɗu baya, da yayanta ya aiko daga Duwala.
Sana'arsa kala ce:
ya bi iskar waje yana tsintar ɗumi
kamar tsohuwa a gonar da aka gama girbi,
ya tara, ya shigo da shi ɗaki.
In kuwa ya gaza,
akwai wata murɗaɗɗiyar waya kwance a cikinsa,
ba ta da aiki sai jira.

Daren nan babban ya gaza.
Gas ɗinsa ya zurare ta kafa mai ƙanƙantar idon allura,
wannan sai gobe, sai kasuwa ta buɗe.
To ina mai jiran?
Na murɗa maɓalli zuwa jan layi.
Shiru.

Daga ƙofa ake fara neman ɓarawo.
Na duba mitar gida: wuta na nan, ba ta cika ba, amma tana nan.
Na zare fis na ɗaga shi a hasken tocila, lafiyarsa ƙalau.
Na kashe komai, na kwance murfi,
kusoshi shida, ɗaya ya yi tsatsa ya yi mini gardama.
Dudu na riƙe da fitila,
hannunta na rawa, ban ce komai ba.
Na ɗora tsinken gwaji a kan wayar, allura ta motsa.
Ashe da ranta.
Kiran ne ba ya isa gare ta.

Na bi siririyar waya fara, taƙi bayan taƙi,
har wurin da ƙarafa biyu ke haɗa baki.
Nan na same ta: tsaka,
ta bushe ƙayau kamar ganyen kuka,
ta mutu a tsakaninsu, Allah kaɗai ya san yaushe.
Na ɗauke ta da filaya,
na goge bakin ƙarfen har ya yi ƙyalli.

Ƙas!
Sai ƙaurin yanar gizo ya tashi,
wayar ta yi duhu-duhu, ta yi ja kamar gauta.
Malam Garga ya zaro tafin hannu daga bargo,
ya tara, kamar mai karɓar addu'a.

Na ce, "Laifina ne da ban faɗa muku ba.
Abin da aka ajiye don ranar wuya,
a riƙa taɓa shi ranar daɗi.
Sau ɗaya a wata ku kunna ta, ko ana zufa,
ku ji ko tana amsawa."

Dudu ta yi 'yar dariya, ba da ni ba.
Sai a lokacin na ga tabarmarta a bakin gadon,
da kwalaben magani jere bisa tsari,
da waya a gefe, mai jiran kiran Duwala.
Na so in tambaya: ke fa, wa ke gwada ki?
Ban tambaya ba. Ni mai gyaran wuta ne.

Ta miƙo jaka biyar, na ɗauki biyu.
Na tada babur, ladan na gyaran murya,
tsakar tana aljihuna, na manta ban yar ba.